Ƙarfen da Ke Ƙafar Baba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya jarraba mu kuma ya ba mu ƙarfin ɗauka. Sunana Luba, ina aure a Aliero, ɗinki nake yi. Ban saba dogon rubutu ba, amma tun da muka dawo daga jinyar mahaifina abin yake cina a rai, kuma na san ba gidanmu kaɗai ke da tsohon soja mai taurin kai ba. Idan wannan ya sa wani ya ɗauki tsohonsa ya kai asibiti da wuri, ko da faɗa ne, to ban ɓata lokacina ba.

Mahaifina a Jandutsi yake zaune, kusa da Jega. Kofur kowa ke ce masa, har da Inna, mahaifiyarmu. Ya bar soja tun ina goye. A wata ƙasa da aka tura su kwantar da yaƙi, wani abu ya fashe kusa da motarsu, guntun ƙarfe ya shige masa ƙwaurin hagu. Aka ɗinke fatar a sansani, ƙarfen ya yi zamansa a ciki. Da lokacin sallama ya zo, aka ce duk mai rauni ya tsaya a duba shi, dubawar kuma tana iya cin watanni. Ga damina ta kama, ga kakanmu ya rasu, gona ba mai nomewa. Sai Baba ya cije, ya taka a gaban likita kamar ba komai, aka rubuta shi lafiyayye, ya kamo hanyar gida. Ɗan fanshon da yake karɓa na wanda ya fita lafiya ne.

Tun da na yi wayo, duk lokacin da ƙafar ta motsa wanzami ake kira. A yi ƙaho, a yi tsaga, idan ta kumbura a saka ƙarfe a wuta a yi sakiya. Shekara da shekaru ana haka, har tabon asali ya ɓace a cikin tabban wuta. A majalisar ƙofar masallaci kuma tsararrakinsa suna tsokanarsa wai jaki ne ya harbe shi, wai shi a soja tukunya ya riƙe. Yana dariya tare da su, amma ranar da aka yi wannan wasan ba ya cin tuwon kirki.

Bayan an kwashe albasar bana, zafi ya fara, sai ga Saje Gado daga Maiyama. Abokin Baba ne tun na soja, kuma shi ne ya goya shi a baya ranar da abin ya faru. Ya zo da labarin cewa wanda ya ji rauni a bakin aiki zai iya neman kuɗin nakasa ko da ya daɗe da barin aiki, muddin kwamitin likitocin soja ya duba shi ya tabbatar. Baba ya ce zai nema. Ni na yi murna, don na san halin da gidan yake ciki.

Ni na raka shi wani ofishi a Birnin Kebbi. Muka zauna a gindin dalbejiya da tsofaffi irinsa tun safe har bayan azahar, wani da sanda, wani ba ya ji sai an yi masa ihu. Jami'in da ya karɓe mu bai wulaƙanta mu ba, gaskiya. Ya ce takardar sallamar Baba ba ta nuna rauni ba, don haka sai abin da kwamiti ya gani. Ya ce mu ɗauki hoton ƙashi mu ajiye, za a kira mu a waya. A Jega muka ɗauki hoton. Da Baba ya ɗaga shi ga rana, ga ƙarfen nan fari fat a jikin ƙashi, girman ƙwallon dabino. Ban taɓa ganin ya yi fara'a irin ta ranar ba. Ya ce da ni, “Diba, Luba. Wanga jaki na?”

Zirga-zirgar nan ce ta tayar da ƙafar. A makon farko wani ƙurji ya fito a tsakiyar tsofaffin tabban, ya fashe, ya ƙi bushewa. Inna ta wanke da ruwan bagaruwa, wata maƙwabciya ta kawo zuma, wani ya ce a kira wanzami kamar kullum. Na ce wallahi wanzamin da ya taka gidan nan sai na kore shi da muciya. Na matsa aka je asibitin Jega. A can ne aka gano Baba yana da ciwon suga, mu duk ba mu sani ba, mun ɗauka yawan shan ruwansa na zafi ne.

Likitan wani siriri ne mai tabarau, ba ɗan ƙasarmu ba, amma Hausarsa fes. Ya duba hoton, ya matsa gefen ciwon, ruwa ya fito. Ya ce ƙashin ya kamu, ƙarfen ne yake riƙe da cutar, suga kuma ba za ta bari ya warke ba. Ya ce zai tura mu babban asibiti a Birnin Kebbi a buɗe, a cire ƙarfen, a kankare ƙashin, kuma idan an yi yanzu Baba zai ci gaba da taka ƙafarsa.

Baba ya ce, “Likita, ba a taɓa ƙarhen ga sai kwamiti ya gan shi.”

Likita ya ce ai ba matsala, ga hoto, shi zai rubuta rahoto, wanda ya yi aikin ma zai rubuta, ƙarfen kuma a sa masa a kwalba ya kai musu da hannunsa.

Baba ya girgiza kai. “Ƙarhe cikin kwalba ko maƙeri na iya kawo shi. Tabo ya ɓace, takardata ta ce lahiya lau ni hita. In anka hidda shi, mi ar rage min?”

Likitan ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce, “Baba, ƙafa ba ta jiran takarda.” Wannan maganar har yau tana kunnena.

Ashe Saje Gado ne ya riga ya gaya masa cewa akwai wani tsohon soja da aka cire wa harsashi kafin kwamiti, suka ce ba su ga komai ba, suka kore shi. Baba kuwa, in Saje ya faɗi magana, ta zauna.

Muka yi sulhu a kan allurai da wankin ciwo kullum. Tun da Jandutsi da ɗan nisa, aka mai da shi gidan ƙaninsa Baffa Sani, mahauci ne a kasuwar Jega. Ni kuma kullum da safe in hau mota daga Aliero, in kai shi layin wanki, in dawo da la'asar. Layin nan sai wanda ya gani. Benci biyu, mutum ya fi arba'in, ga masu haɗarin babur, ga yara masu ƙuna. Auduga mu za mu saya, bandeji mu, safar hannu ma mu. Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai ƙiba da ke yi mana tsawa kamar mun ci mata bashi, amma ita ce ta fi kowa iya wanki, kuma ita ce ke ɓoye wa Baba kujera a inuwa. Na ji haushinta, na kuma gode mata, duka a rana ɗaya.

A mako na biyu waya ta zo: kwamiti zai zauna bayan mako uku, a Kaduna. Baba ya dube ni kamar wanda ya ci gasa. Ya ce mako uku ai kamar gobe ne. Na koma wurin likita ni kaɗai na tambaye shi ko ƙafar za ta kai. Ya ce shi ba Allah ba ne, amma in mahaifinsa ne, ba zai jira kwana uku ba.

Albasar Baba da aka ajiye don ta yi tsada aka fara fitarwa buhu-buhu ana sayarwa a farashin kaka. Allurar da ake yi masa safe da yamma ita ta fi cin kuɗi. Ni kuwa ɗinkunan mutane na mayar musu, wasu suka yi min uzuri, wata ta ce dama ta san ba ni da alƙawari. Maigidana direba ne, yana jigilar albasa, shi ya ɗauki nauyin maganin suga bai ce uffan ba. Allah ya saka masa.

Mako na uku ciwon ya buɗe baki. Fatar gefensa ta yi duhu, ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Baffa Sani ya leƙa ranar da ake wanki, ya fito ya ja ni gefe. Ya ce, “Luba, ni ban yi boko ba, amma launin ga bai yi min ba. Mu taru mu yi mai magana.”

Muka taru: ni, Inna da Baffa. Inna ta fara da lallashi, ta ce kuɗin nan tun da babu su aka rayu. Baffa ya ce zai sayar da sa ɗaya ya ba shi abin da gwamnati za ta ba shi na shekara. Nan Baba ya harzuƙa.

“Kai Sani, sadaka ni ka nema? Ni so ni kai su rubuta. Su rubuta da hannunsu cewa na ji ciwo bakin aiki. Shekara nawa ana ce min sojan tukunya?”

Ni ban iya lallashi ba, kowa ya san halina. Na ce, “Baba, in sun rubuta, takardar za ka taka ka tai gona?”

Ya ce in fita in ba shi wuri. Ban taɓa jin ya kore ni ba sai ranar. Na fita ina kuka, na zauna a zaure ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi.

Ana saura kwanaki kaɗan, aka sake kira. An ɗaga zaman kwamiti, wai shugabansu ya yi tafiya, sai an sanar da sabuwar rana. Wanda ya kira ko sannu bai ce ba, ya kashe waya. Na ce to alhamdu lillahi, yanzu dai Baba ba shi da hujja. Ina! Sai ya ce tun da an jira wancan, a jira wannan.

Washegari ban je Jega ba, na wuce Maiyama. Na ce tun da bakin Saje ne ya ɗaure, bakinsa zai kwance. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar awaki. Na gaishe shi yadda ya kamata, don uba ne, sannan na ce, “Baba Saje, mutumin nan da anka kora don an cire mai harsashi, ɗan ina na?”

Ya ce ɗan wajen Zuru ne, ko Yawuri.

“Kun gan shi?”

Ya ce shi bai gan shi ba, amma wanda ya gaya masa ba ya ƙarya.

Na ce, “Kan labarin wanda ba ku gani ba ƙahwar ubana ka ruɓewa?”

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ajiye igiyar ya ce, “Ɗiyata, ke ba ki san su ba. Ni kunnen ga nawa bindiga ta kashe shi. Sau biyu ina zuwa, sunka ce tsuhwa ta. Kunne ba ya nuna komi ga hoto. Shi Allah ya ba shi shaida cikin jiki, in ce mai shi yas da ita?”

Mutumin nan ba mugu ba ne, shi ma an cuce shi ne, kuma yana son Baba fiye da yadda yake son kansa. Na roƙe shi dai ya zo ya ga ƙafar da idonsa. Ya ce zai zo ranar kasuwar Jega. Ranar kasuwa kuwa sauran kwana huɗu.

A cikin kwanakin nan Baba ya fara ɓoye mana. Ya ce kada in ƙara shiga ɗakin wanki, mace ba ta ganin ƙafar ubanta. Ya sa aka sayo masa safa mai kauri a wannan zafin. Ya sa matar Baffa tana turara ɗaki safe da yamma. Amma ni a Aliero nake zaune. Na san warin albasar da ta ruɓe a ƙasan rumbu, wadda sama lafiya lau, sai ka ɗaga ka ga ta tafi. Warin da ke ƙarƙashin turaren nan ke nan. Ma'aikaciyar nan mai tsawa ta tare ni a baranda, wannan karon murya ƙasa-ƙasa, ta ce yatsu biyu sun yi baƙi, kuma ta soka masa allura a tafin ƙafa bai ji ba. Likita ya sake rubuta takardar tura mu Birnin Kebbi, ya ce yanzu ba ya alƙawarin ƙafa, amma a yi sauri ko za a dace. Baba ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Na yi tunanin mu ɗaure shi mu jefa a mota. Na faɗa wa Baffa. Ya ce yayansa ne, da hankalinsa, ba zai iya sa masa hannu ba. Na ji kamar in shaƙe su duka.

Ranar kasuwa da hantsi zazzaɓi ya rufe shi. Jiki kamar garwashi, haƙora suna haɗuwa. Kafin azahar ya daina gane mu, yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba, yana cewa a kwanta a ƙasa. Daidai nan Saje ya iso. Baffa ya zare safar don ya gani. Saje ya duba sau ɗaya, ya dafa bango, ya ce, “Innalillahi. Ku ɗauke shi. Ku ɗauke shi yanzun ga.”

Ranar kasuwar Jega mota ba ta motsi a cikin gari. Maigidana ya sauke rabin lodin albasar mutane a bakin titi, ya kutso ta lungu, muka shimfiɗa katifa a bayan motar. Ni na riƙe kansa a cinyata har Birnin Kebbi, ina jiƙa ɗankwalina da ruwan leda ina shafa masa. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya yi nishi, kuma nishin nan nake jira, don shi ke gaya min yana nan.

A babban asibiti sai da muka yanki kati, muka biya na gwaji, muka jira sakamako, shi yana kwance a kan gadon turawa a baranda. Na yi rashin kunya ranar, ban ɓoye ba, har mai gadi ya ce zai fitar da ni. Da babban likitan ƙashi ya zo, bai daɗe yana dubawa ba. Ya ce cutar ta shiga jini, ƙafar daga gwiwa zuwa ƙasa ta riga ta mutu, yanzu maganar rai ake yi. Za a yanke sama da gwiwa, gobe da safe, in an sami jini leda biyu. Na ce ba za a iya cire ƙarfen kawai ba? Ya ce, “Wannan aikin na wata ɗaya da ya wuce ne.”

Maigidana ya ba da leda ɗaya. Saje ya nannaɗe hannun riga, aka ce ya tsufa. Wani ɗan acaba da bai san mu ba, ya kawo fasinja ne kawai, ya ji ana cigiya ya ba da ta biyu. Ko sunansa ban samu ba. Allah ya san shi.

Da asuba ruwan da aka ɗaura masa ya ɗan dawo da shi. Ya buɗe ido ya gan ni, ya ce, “Sun kira?” Na ce ba su kira ba. Na gaya masa abin da za a yi. Ya juya fuska bango. Baffa ne ya dangwala yatsa a takardar yarda da aikin.

Aikin ya ƙare kafin azahar. Aka fito da shi yana barci, zanen da aka rufa masa ya kwanta shafe a gefen hagu. Inna ta gani ta zauna a ƙasa. Ni ban yi kuka ba a lokacin, numfashinsa kawai nake kallo.

Can wani ma'aikaci ya zo ya ce ina 'yan'uwan Kofur, su zo su karɓi ƙafa. Haka ake yi, ana ba dangi su je su rufe. Inna ta ce kada rana ta faɗi tana waje, jikin Musulmi ne. Baffa ya sayo farin yadi a bakin asibiti, ya naɗe ta da kyau, maigidana ya kai shi Jega. Aka haƙa ɗan rami a gefen maƙabarta, kusa da kabarin kakanmu, aka rufe kafin magariba. Baffa ya dawo yana cewa alhamdu lillahi an suturta ta. Dukanmu muka ce alhamdu lillahi. Likitan da ya yi aikin bai san labarin kwamiti ba, mu kuma da muka sani, ba wanda ya tuna da ƙarfen. Sai washegari ina wanke kwano a famfo abin ya faɗo min, kwanon ya suɓuce daga hannuna. Na je na tambayi likitan. Ya ce shi yankewa ya yi, bai buɗe ƙwaurin ba, abin da ke ciki yana ciki.

Ga wanda yake da irin wannan tsohon a gida, ga abin da na koya da tsada. Ku gwada masa suga tun kafin ciwo ya fito. Kada ku bar wanzami ya yi ta ƙona tsohon rauni. Ku ɗauki hoto, ku karɓi rahoton likita a rubuce, in an ce a yi aiki a yi. Daga baya na koma wurin jami'in nan na Birnin Kebbi, ya ce hoto da rahoto ake kaiwa, wasu ana ba su, wasu ana hana su, amma bai taɓa jin an ce sai mutum ya zo da ƙarfe a jikinsa ba. Na ce to me ya hana ku faɗa tun farko? Ya ce ba mu tambaya ba. Ina godiya ga likitocin da suka ceci ransa, ina kuma kai ƙarar waɗanda suke ɗaga zama kamar masu jiran nasu ba jini ne a jikinsu ba. Takardun Baba har yau suna can.

Kwana biyu bayan aiki zazzaɓin ya sauka, Baba ya dawo hayyacinsa sosai. Ya sha kunu, ya yi salla a kwance. Muna zagaye da shi, ni da Inna da Baffa da Saje, wanda tun ranar bai koma Maiyama ba. Baba ya ɗaga zane ya dubi wurin, ya daɗe, ya mayar. Sannan ya miƙo min tafin hannu.

“Ba ni shi.”

Na san abin da yake nufi. Kowa ya sani. Na dubi Baffa, Baffa ya dubi ƙasa. Ni dai aka bar wa, kamar kullum. Na ce, “Baba, ba a hidda shi ba. Shina cikin ƙahwar. An ruhe ta Jega.”

Hannun bai sauka ba. Ya tsaya a miƙe, har na kasa kallo.

Baffa ya durƙusa a gaban gadon, ƙaton mutum, yana hawaye. Ya ce, “Yaya, laihina na. Ni ruhe ta da hannuna. Na san wurin. In ka ce, yanzu in tai in tono, wuƙata na mota.”

Saje ya ce larura ce, ko malamai ba za su hana ba, kwana biyu ne kacal, kuma in kwamiti ya kira sai a je da shi da hoton. Inna ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa na san in ya ce a je, za a je, kuma ban san yadda zan ƙara kallon kowa a cikinmu ba.

Baba ya sauke hannun a hankali ya ɗora a kan abin da ya rage na cinyarsa.

“Ina kunka sa ta?”

Baffa ya ce kusa da tsoho.

“Kun sa mata hwarin ƙyalle?”

“Mun sa.”

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya koma, sai na ga hawaye yana gangarowa ta gefen kunnensa. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba.

Ya ce, “Tashi, Sani. Kak ku taɓa ta. Tun ina saurayi take ɗauke da shi, ta kai ni gona ta maido ni, ba ta taɓa ƙi ba. Ta yi ta kuka ina hana a jiye mata. Ku bar ta ta huta.”